Korona Ta Tafi Ko Tana Nan? Tambayoyi da Amsoshi Kan Zama da Cutar Bayan Dokar Ta-ɓaci

Ina aikin jinya a Kano tun kafin korona ta shigo. Har yau, da zarar hunturu ya kama, hazo ya sauko, tari ya cika layin marasa lafiya, sai tambayoyin nan su dawo sabbi fil. Wasu a wurin aiki ake yi mini su, wasu a gidan suna, wasu kuma 'yan uwa ne ke bugo waya da tsakar dare. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su yadda nake amsawa baki da baki. Wanda jikinsa ya yi tsanani kada ya tsaya karatu, a kai shi asibiti.

Malama, ba an ce korona ta ƙare ba?

Dokar ta-ɓaci ce aka janye. Ranar 30 ga Janairun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin lamarin gaggawa da ya shafi duniya baki ɗaya, ranar 5 ga Mayun 2023 kuma shugaban hukumar, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya sanar da cire ta daga wannan matsayi. Dalilin shi ne mace-mace sun ragu ƙwarai, asibitoci sun samu sarari, kuma yawancin mutanen duniya jikinsu ya riga ya san cutar, ta hanyar riga-kafi ko ta hanyar kamuwa. A jawabin nasa na ranar ya ja kunne cewa ƙwayar cutar tana nan, tana kisa, tana kuma sauya kama.

Ni da ambaliya nake kwatanta wa mutane. Ruwa ya janye daga cikin gidaje, an koma an share laka, amma kogin yana nan inda yake, kuma lokaci zuwa lokaci sai ya ɗan cika.

To har yaushe za mu zauna da ita?

Alamu sun nuna ta zama maƙwabciya. Cuta ɗaya tak ɗan Adam ya taɓa kawarwa daga jikin mutane gaba ɗaya, wato agana, a 1980. Agana ba ta ɓuya: duk wanda ta kama za a gani a fatarsa, ba ta zama a jikin dabbobi, kuma riga-kafinta na daɗewa. Korona ta saɓa wa duka ukun. Mutum na iya baza ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji komai, an same ta a jikin dabbobi irin su barewar dajin Amurka, sannan garkuwar da ke hana kamuwa tana raguwa bayan 'yan watanni. Garkuwar da ke hana ta kwantar da mutum rai a hannun Allah ita ce ta fi daɗewa, kuma ita ce ta sauya al'amarin. Dama akwai danginta huɗu da suka daɗe suna yawo cikin mutane suna jawo mura ta yau da kullum.

Kullum sai mu ji an ce sabon nau'i ya fito. Mu tsorata?

Ƙwayar cuta irin wannan, duk lokacin da ta hayayyafa sai an samu ɗan kuskure a kwafin, wanda ya fi iya zille wa garkuwar jiki shi ke yaɗuwa. Nau'in Delta ya yi ɓarna a 2021. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano Omikron, kuma nau'o'in da suka mamaye duniya tun daga lokacin, irin su XBB da JN.1, duk zuriyarta ne. Sabon suna a rediyo ba shi ne abin dubawa ba. A duba ko gadajen asibiti na cika da masu neman iskar oksijin.

Yaya zan gane korona ce, ko mura, ko zazzaɓin cizon sauro?

Da ido ba za ka gane ba, ni ma ba zan gane ba sai da gwaji. A 2020 ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano na nuna mana hanya, amma tun zuwan Omikron wannan alamar ta ragu. Yanzu abin da aka fi zuwa da shi shi ne kaikayin maƙogwaro, majina, atishawa, tari, ciwon kai, ciwon jiki da zazzaɓi, yawanci kwana 2 zuwa 4 bayan an haɗu da mai ita. Murar hunturu ma haka take.

Abin da nake roƙon mutane a nan garin shi ne kada wani ciwo ya ɓoye a bayan wani. Duk zazzaɓi, musamman ga yaro da mai juna biyu, a yi gwajin maleriya a ranar, domin ita ba ta jira. Tarin da ya kai mako 2, ana zufa da dare, ana ramewa, ko ana ganin jini a kaki, a je a gwada tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Yaron da maƙogwaronsa ke ciwo, wuyansa ya kumbura, aka hango farin abu ya lulluɓe can ciki, wannan mashaƙo ake zargi, wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022, kuma ba a kwana da shi a gida. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin zafi kuwa, kowa ya san sunansa, sanƙarau.

Idan mura ta kama ni, kwana nawa zan killace kaina? Mu tara ne a ɗaki biyu.

Babu sauran dokar kwana 14. Shawarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar a Maris na 2024 mai sauƙin bi ce, kuma ta haɗa korona da mura duka: ka zauna a gida har sai ka yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da shan maganin saukar da shi ba, jikinka kuma ya fara sauƙi. Daga nan ka fita harkokinka, amma ka ƙara kwana 5 kana taka-tsantsan.

Na san wannan magana ce ta mai albashi. Mai adaidaita sahu da ke biyan balas kullum, da mai tuyar ƙosai a bakin titi, idan suka zauna gida tukunya ba za ta hau wuta ba. Ba zan ce musu su zauna da yunwa ba. Abin da zan ce: kwana uku na farko su ne cutar ta fi fita daga jikin mutum, a cikinsu ka sa takunkumi idan za ka kusanci jama'a, ka yi tari a cikin gwiwar hannu ko a hankici, ka wanke hannu da sabulu.

A cikin gida kuma, Allah ya ba mu abin da mutanen ƙasashen sanyi ba su da shi, wato tsakar gida da zaure. Cutar a iska take tafiya, tana taruwa a rufaffen ɗaki kamar yadda hayaƙin turaren wuta ke taruwa. Ka buɗe ƙofa da taga, sai ta watse. Mara lafiya ya yini a inuwar tsakar gida, ya kwana kusa da taga, da kofinsa daban. Matsalar ita ce da hunturu muke toshe tagogi da kwali da tsumma, mu ja labule, mu kwana goma a ɗaki ɗaya. A bar ko da 'yar kafa ce iska ta ratsa. Idan kuma akwai tsoho a gidan, shi za a fara raba wa makwanci da mai tarin.

Me ya sa kullum kike maganar tsofaffi?

Saboda a kansu cutar ke sauke nauyinta. Saurayi ɗan shekara 25 zai sha farasitamol ya tafi ƙwallo, abin da ya ɗauko kuma ya kwantar da kakarsa. Haɗarin na ƙaruwa da shekaru, musamman daga 60 zuwa sama, sannan ga masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ciwon huhu, sikila, ƙiba mai yawa, masu shan maganin daji, masu cuta mai karya garkuwar jiki da ba su kan magani, da masu juna biyu.

Ba na manta wata Hajiya da aka kawo mana bayan bikin jikarta. Tana da suga, shekarunta sun haura 70. Kwana uku ana shiga ɗakinta gaisuwa, mata cike, taga a rufe saboda ƙura, kowa sai ya durƙusa gabanta ya riƙe hannunta. Mako bai cika ba aka shigo da ita a kan kujera, carbi a hannu, ba ta iya haɗa salati ɗaya sai ta tsaya ta ja numfashi. 'Yarta na ta cewa, "Wallahi Malama, mura ce kawai, duk gidan mun yi ta." Gaskiya ta faɗa, su mura suka yi. Hajiya ta yi kwanaki a kan oksijin, Allah ya tashi kafaɗunta, amma har aka sallame ta a zaune take salla.

Zumunci ba zai yanke ba don ka jinkirta dubiya da kwana biyar. Ka buga waya ka ce, "Baba, mura nake yi, ba na so in kawo maka." Babu dattijon da zai ƙi sa maka albarka a kan wannan. Idan zuwan ya zama dole, a shimfiɗa tabarma a waje.

Wace alama ce ke nuna a tafi asibiti yanzu-yanzu?

Numfashi sama-sama ko haki a zaune, kasa ƙarasa magana, ciwo ko nauyi a ƙirji, ruɗewa, barcin da ba a iya tayar da mutum, leɓe ko harshe ya sauya launi, kasa cin abinci da sha, fitsari ya ɗauke. Ga yaro: numfashi da sauri, haƙarƙari na lotsawa ciki, ƙin kama nono, ko jijjiga. A kula da mako na biyu, domin sau da yawa mutum kan ji sauƙi, sai wajen kwana na 7 zuwa na 10 huhu ya rikice.

Wanda ke da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, idan ta nuna ƙasa da 94 a nemi ma'aikacin lafiya, 90 zuwa ƙasa kuwa gaggawa ce. Sai dai a sani, bincike ya nuna na'urar kan ƙara wa baƙar fata lamba fiye da gaskiya, lalle da sanyin yatsa ma na ruɗa ta. Idan na'ura ta ce lafiya, amma mutum na haki, a bi hakin.

Na je kemis an haɗa mini magunguna shida. Daidai ne?

Nan ne zuciyata ke ɓaci. Korona da mura bairos ne ke kawo su, su amoksisilin da azitromaisin kuwa bakteriya suke kashewa, wata irin ƙwayar cuta ce daban. Shan su kan kowace majina asarar kuɗi ce, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da nimoniya ta gaske ta zo sai a rasa abin da zai yi aiki. Kulorokwin da aibamektin da aka yi ta yayatawa an gwada su a kan dubban mutane, ba su hana mutuwa ba.

Deksametason kuma, wanda wasu mata ke sha don ƙiba, labarinsa biyu ne. Wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 cewa yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Ga wanda ba ya buƙatar oksijin ba a ga amfaninsa ba, kuma yana tayar da suga, yana raunana garkuwa. Na ga masu ciwon suga da aka kawo a sume saboda shi. Maganin asibiti ne.

Akwai maganin da ke yaƙar ƙwayar cutar kanta, Paxlovid, ga masu haɗari, kuma sai an fara shi cikin kwana 5 na farko. Samunsa a nan da wuya, sannan yana karo da wasu magungunan zuciya da na kitsen jini, don haka sai da likita. Ga yawancin mutane abin da ake buƙata shi ne hutu, ruwa da yawa, abinci, da farasitamol. Kada a ba yaro asfirin.

Tazargade da sirace fa?

Shayin citta da kanumfari da lemon tsami da zuma na sanyaya maƙogwaro, ni ma ina sha. Zuma dai ba a ba jaririn da bai shekara ba. Sirace na buɗe hanci na ɗan lokaci, amma ba ya kashe cutar, kuma mun yi jinyar yara da tafasasshen ruwan ya ƙone. Tazargade ta yi tashe a 2020, lokacin da shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito da wani jiƙo na dangin ganyen; ba a samu hujjar cewa yana warkar da korona ba. Abin da na fi tsoro shi ne a tsaya jiƙe-jiƙe har lokacin oksijin ya wuce.

Har yanzu akwai buƙatar riga-kafi? An ce tana hana haihuwa.

Shakkun mutanenmu ba daga sama ya faɗo ba. Kano ba ta manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan tabon na cikin abin da ya jawo ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Wanda ya tambaye ni da tsoro ba na yi masa kallon jahili.

Ga abin da aka gani. An yi allurar korona fiye da biliyan 13 a duniya. Nijeriya ta karɓi kashin farko, kusan miliyan 4 na AstraZeneca, ranar 2 ga Maris 2021, kuma mu ma'aikatan lafiya aka fara yi wa. Abokan aikina da aka yi mana tare sun yi ciki sun haihu, binciken da aka yi a ƙasashe da dama ma bai nuna tana taɓa haihuwa ba. Illolin da aka tabbatar ba a ɓoye su ba: ciwon dantse da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, sai wasu da ba kasafai ake gani ba, wato daskarewar jini da aka danganta da AstraZeneca, da kumburin tsokar zuciya ga wasu samari bayan Pfizer ko Moderna, wanda yawanci ke warkewa. Cutar kanta na jawo waɗannan biyun.

Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce kowa ya yi ta maimaitawa ba. Tsofaffi, masu cututtukan da na lissafa, masu raunin garkuwa da ma'aikatan lafiya ake ba shawarar ƙari bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon halin mutum, mai juna biyu kuma sau ɗaya a kowane ciki. Shirin COVAX da ya kawo mana allurar ya rufe a ƙarshen 2023, saboda haka ba ta wadata kamar da; a tambaya a cibiyar lafiya mafi kusa. Malamai sun yi bayani tun 2021 cewa allurar ba ta karya azumi.

Idan na sa takunkumi sai a yi ta kallona. In ci gaba?

Ci gaba, a inda ya dace: lokacin da kake tari, a ɗakin jiran asibiti, a motar haya mai rufaffen gilashi, ko wajen jinyar mara lafiya. Samfurin N95 ko KN95 ya fi na likita mai shuɗi, shi kuma ya fi na yadi. Ya rufe hanci, ba a rataye shi a haɓa. Da hunturu ma riba biyu ce, yana tare ƙura.

Mai mura ya je jam'i? Maniyyata kuma fa?

Hukunci na malamai ne, kuma sun yi bayani cewa rashin lafiya uzuri ne. An umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada ya cutar da mutane da wari, to ina ga zazzaɓi da tari? Sahun gaba kuma dattawa ne suka fi cika shi. Wanda ya fara samun sauƙi ya sa takunkumi ya tsaya a sahun waje.

Aikin Hajji ya koma yadda yake tun 2023, bayan an taƙaita shi ga mazauna Saudiyya a 2020 da 2021. Tarin da alhazai ke dawowa da shi tsohon abu ne, yanzu korona na cikin masu jawo shi. Sharuɗɗan allura na sauyawa kowace shekara, a bi abin da hukumar alhazai ta sanar. A guji raƙuma da ɗanyen nononsu a can, saboda wata 'yar uwar korona mai suna MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda ke kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Alhajin da ya dawo da zazzaɓi da tari ya faɗa wa likita daga inda ya fito, 'yan barka da sauka kuma su ɗan yi haƙuri.

Na warke tun watanni, amma ko tsakar gida na share sai haki. An ce aljanu ne, wasu sun ce lalaci.

Akwai abin da ake kira doguwar korona, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2021: alamun da ke nan wata 3 bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata 2, ba a kuma sami wani dalilinsu ba. Gajiya mai nauyi, haki, bugun zuciya, mantuwa, rashin barci, rashin jin ƙamshi. Tana kama har wanda cutar ba ta kwantar ba, mata sun fi fama da ita.

Ki fara zuwa a duba jini, suga, hawan jini, zuciya da huhu, domin ƙarancin jini da tarin fuka na kama da ita, kuma su suna da magani. Idan ita ce, kada ki yi wa jiki dole. Masu wannan lalura da yawa idan suka matsa yau, gobe da jibi a kwance suke. Ki raba aiki gida-gida, wanki yau, daka gobe, ki huta kafin ki gaji. Yawanci ana samun sauƙi a hankali. Maigida da uwar miji su ji wannan daga bakin ma'aikacin lafiya, ki tafi da ɗayansu asibiti.

Mai shayarwa ta kamu, ta janye jariri daga nono?

A'a. Ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta ci gaba da ba shi. Nonon na ɗauke da garkuwar da jikinta ya haɗa.

Mahaifinmu ya rasu a azumin 2020, ba a gwada shi ba. Korona ce ta kashe shi?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. An sha yi mini wannan tambayar, yawanci da murya ƙasa-ƙasa.

An tabbatar da cutar a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020, kulle ya biyo baya cikin kwanaki, azumi ya kama a ƙarshen watan. A waɗannan makonni masu haƙar kabari suka fara cewa gawarwaki sun fi ƙarfinsu, muka rasa malamai, farfesoshi, sarakuna da dattawan unguwa bi da bi. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce kwamitin da aka tura ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birnin, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce ta kashe su ko ta tayar musu da ciwon da suke da shi. Sauran sun haɗa da masu suga da hawan jini da suka rasa inda za a duba su, saboda asibitoci da yawa sun rufe ko sun rage aiki. Alƙaluman hukuma na Nijeriya gaba ɗaya ba su wuce mutum dubu uku da 'yan kai ba, domin wanda aka gwada kaɗai ake ƙirgawa. A duniya ma haka ne: an kai rahoton kusan miliyan 7, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙarin mace-macen 2020 da 2021 kaɗai a kan miliyan 14.9.

Babu gwajin da zai tabbatar muku yanzu. Idan ya yi zazzaɓi da tari, numfashi ya gagare shi cikin mako ɗaya ko biyu, to akwai yiwuwar ita ce. Ba abin kunya ba ne, kuma ba laifinku ba ne. A wancan watan babu allura, ba a gano amfanin deksametason ba tukuna, oksijin na wuyar samu, mu kanmu da safar hannu ɗaya muke yini. Idan mahaifiyarku na raye, a riƙa auna mata suga da hawan jini, a kuma ajiye lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, wato NCDC, 6232, a wayar wanda ke kwana kusa da ita.